Daga fadar sarki zuwa ƙarƙashin katifa: tarihin bindiga a Katsina da batun yaranmu

1/ Jama'a, zaren yau mai tsawo ne, ku gyara zama. Tarihin bindiga ne a Katsina: yadda ta taso daga hannun bayin sarki, ta bi ta ɗakin maharbi, har ta iso ƙarƙashin katifa a gidan haya. Amma bari in fara da abin da ya sa na zauna rubutawa. 🧵

2/ Makon jiya ɗan yayata, ɗan aji huɗu a firamare, ya shigo da murnarsa yana ba ni labari. Wai abokinsa ya nuna masa bindigar babansu. "Kawu, nauyi gare ta!" Na ce ka ɗauka? Ya ce ai har ya saita ƙofa da ita. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

3/ Mai bindigar ba mugu ba ne. Manomi ne da ɓarayin daji suka koro daga ƙauyensu ta wajen Batsari, ya kama ɗaki biyu a unguwarmu. Mutumin da ya kwana cikin gona da iyalinsa yana jin harbi, ba ni da bakin ce masa don me ka riƙe bindiga. Tambayata ɗaya ce: a ina take wuni?

4/ To, mu koma baya tukuna. Birnin nan ba da bindiga aka kafa shi ba, ba kuma da ita aka tsare shi ba. Abin da ake ji da shi a kayan sarautar Katsina takobi ne, Gajere, wanda labarin baka ya ce da shi Korau ya kashe Sanau ya karɓi mulki.

5/ Ganuwar da muka taso muna hawa ragowarta, da su Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙwaya, an gina su ne don tare dawaki da masu da kibau. Yaƙin lokacin na mai sulke da lifidi ne, da mai kwari da baka.

6/ Ko sunayen ma baƙi ne. Bindiga daga Larabci ta zo, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, wato dalma. Kalmomin da kansu sun nuna hanyar da kayan suka biyo, ta hannun fataken da ke ƙetara Sahara. Daga baya wasu suka shigo ta kudu, daga bakin teku.

7/ A yankinmu Borno ce ta riga kowa. Mai Idris Alooma, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. A Kano kuwa, tarihin sarakunanta ya ce a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743) aka kawo bindigogi daga Nupe.

8/ Shi dai wannan tarihi ya ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaron lafiyarsa. Ku lura da wannan, zan dawo kansa: masu tsaron sarki aka ba, ba talakawa ba.

9/ Jihadin Shehu ma ba bindiga ta ci shi ba. A Tafkin Kwatto, 1804, maharba masu baka ne suka karya dawakin Gobir. Wajen 1807 Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafa Maraɗi. Shekara da shekaru ana kai wa juna hari, akasari da doki da kibiya.

10/ Mi ya sa? Saboda bindigar lokacin ta ɗuri ce. Ka zuba albarushi ta baki, ka danna, ka sa dalma, ka sake dannawa. Kafin ka gama mai baka ya sakar maka kibau da yawa. Damina ta jiƙa albarushi, shi ke nan ta zama sanda. Wani lokaci kuma ta fashe a hannun mai ita.

11/ Ba banza ba ake mata laƙabi da harba-ka-ruga.

12/ Ga wani labari da nake so. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Katsina zamanin Sarki Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da sarki ya nema a wurinsa har da roka, irin mai tashi sama da ƙara da tartsatsi, a matsayin maganin yaƙi don tsorata abokan gaba.

13/ Kun ga yadda ake kallon kayan wuta a lokacin ke nan. Rabin aikinsu ƙara ce da hayaƙi, su firgita doki su firgita mahayinsa.

14/ Abin ya fara sauyawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu 1884, ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, har igwa ake ƙera masa a Zinder. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa da rundunar 'yan bindiga. Sarakunan Hausa suka ga lallai zamani ya juya.

15/ Sai suka shiga saye su ma. Amma wa suka damƙa wa? Bayin sarki. Masu binciken yaƙe-yaƙen daular Sakkwato, irin su Joseph Smaldone, sun nuna sarakuna sun riƙe bindiga da albarushi a fada, a hannun bayin da suka amince da su, ba su bari ta bazu ba.

16/ Kar mu yi wa tarihi kwalliya. Ba don tausayin yara suka yi haka ba, tsoron tawaye ne. Hakimi mai doki ɗari da bindiga hamsin ai ya zama kishiya. Amma ko mene ne dalili, sakamakon shi ne gidan talaka a birni babu bindiga. Makami yana da ma'aji, yana da mai tsaronsa, an san adadinsa.

17/ Ragowar wannan tsari shi muke gani a hawan Sallah, 'yan bindiga na tafe suna ɓarin wuta sama har Ƙofar Soro. Muna yara muna toshe kunne muna binsu. Ba mu san tsohuwar rundunar fada muke kallo ba.

18/ Sai rukuni na biyu, maharba. Su ne talakawan da makami ke kwana a gidajensu tun fil azal. Kuma abin da ke hannunsu ya fi bindigar ɗuri haɗari ga yaro: kibiya mai dafi. Ƙwarzane kaɗan ya isa. To ta yaya suka rayu da 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya da ita?

19/ A ganina abu biyu ne. Na farko ginin gidan Bahaushe. Zaure, shigifa, tsakar gida, ɗakunan mata, sannan turakar maigida. Turaka ba wurin wasan yara ba ce. Yaro na iya girma a gida bai san cikinta sosai ba. Kwari da bindiga suna can a rataye, sama, a ɗakin da ba ka shiga sai an kira ka.

20/ Na biyu tsoro. Kayan maharbi kewaye suke da camfi da asiri. An gaya maka in ka taɓa wani abu zai same ka, kuma ka yarda. Malamai sun yi ta faɗa da wannan, da gaskiyarsu. Amma ta fuskar aiki, camfin nan kwaɗo ne da ba a ganin makullinsa.

21/ Sannan harbi sana'a ce ta gado, mai shugabanci, mai Sarkin Baka. Yaro sai ya yi shekaru yana bin ubansa daji yana ɗaukar jaka kafin a bar shi ya riƙe makami. Ba a wayi gari kawai an gan shi da ita ba.

22/ Ku riƙe ukun nan: turaka, tsoro, horo. Mu ci gaba.

23/ A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Brussels suka sa hannu kan yarjejeniyar hana shigo da bindigogin zamani babban ɓangaren Afirka. Tsofaffin na ɗuri da albarushin kasuwa aka bari. Wato mu a sayar mana da harba-ka-ruga, su su riƙe mai ruwan harsashi.

24/ Sakamako ya fito a 1903. Rundunar da ba ta kai mutum 1,000 ba, da igwa da bindigar Maxim, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sakkwato ta faɗi 15 ga Maris. Ƙarshen Maris Lugard ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba.

25/ Wasu na ganin wannan abin kunya ne. Ni dai ina ganin lissafi ne. Wanda ya ji abin da ya faru a Kano da Sakkwato ya san ganuwar ƙasa ba ta tare igwa.

26/ Zamanin En'e, daga Sarki Dikko (1906 zuwa 1944) zuwa Usman Nagogo, bindigar zamani ta soja ce da 'yan sandan gwamnati. Dogarai da 'yan doka kulki suke riƙewa. Shi kansa Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya zama sarki. Gari guda ana tsare shi da kulki, ku yi tunani.

27/ Dab da samun 'yanci aka yi dokar bindiga ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki bayan gyare-gyare. Ta kasa bindigogi kashi 3. Na yaƙi, har da fistol, sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta irin na bature, lasisin Sufeto Janar. Na ɗuri kuma suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha.

28/ Dokar ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Ta kuma ɗora wa mai bindiga alhakin ajiye ta a wurin da ya dace, in ta ɓata ko an sace ya kai rahoto. Wato maganar ajiya ba sabuwa ba ce, tana rubuce tun kafin a haifi iyayen da yawanmu.

29/ Amma doka ta ce ka ajiye da kyau, ba ta zo ta duba ba. A Ingila sai kana da akwatin ƙarfe a kafe, kuma ɗan sanda na iya zuwa gida ya gani da idonsa kafin a ba ka takarda. Mu nan wa ya taɓa jin an zo duba inda wani ke ajiye tasa?

30/ Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya bar makamai a hannun mutane, fashi ya ƙaru har gwamnatin soja ta yi dokar harbe 'yan fashi a 1970. Duk da haka Katsina ta daɗe cikin sauƙi. Iyayenmu na tafiya Jibiya ko Funtuwa da dare ba fargaba. Wannan ba tatsuniya ba ce, ku tambaye su.

31/ Sauran kun san shi, a idonmu aka yi. Satar shanu a dajin Rugu, rikicin manoma da makiyaya, faɗuwar Gaddafi a 2011 da makaman da suka watsu a Sahel, sai garkuwa da mutane. Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Ɗandume.

32/ Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga.

33/ A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, matasa sama da 1,400 a kashin farko. Ga 'yan banga, ga 'yan sa-kai, ga maƙera da kasuwarsu ta buɗe. Ba zan shiga gardamar daidai ne ko kuskure ba a nan, wannan zare ne na daban.

34/ Abin da nake so ku gani shi ne wannan. Shekaru ɗaruruwa duk mai mulkin ƙasar nan, sarki ko Bature ko soja, ƙoƙarinsa ya raba talaka da bindiga. A zamaninmu ne hukuma da bakinta ta ce ka nema. An ce a saya. Ban ji an bi da bayanin yadda za a zauna da ita cikin yara ba.

35/ Kuma ta shigo daidai lokacin da ukun can suka tafi. Turaka? Mutum na ciki da falo da 'ya'ya bakwai, ɗakinsa shi ne wurin cajin waya da kallo. Tsoro? Yaron da ke harbi a gem ɗin waya tun safe. Horo? Uban ma shekara biyu da suka wuce bai taɓa riƙe ta ba.

36/ Mu kanmu me muke saya wa yara da Sallah? Bindigar roba. Mu muka koya musu cewa abin da ake yi da ita shi ne ka saita ɗan'uwanka ka ja kunama ka yi dariya. Yaro ɗan shekara biyar ta ina zai bambance ta roba da ta gaske, in ban da nauyi?

37/ Bari mu leƙa Amurka, don su suka fi kowa shan wannan ɗaci kuma suna rubutawa. A 2020 bindiga ta zama abin da ya fi komai kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a can, ta wuce haɗarin mota. Ƙasar da ke da asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya ke nan fa.

38/ Akwai gwajin da likitoci suka yi a Atlanta, aka buga a 2001. Aka sa yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 a ɗaki, an ɓoye bindigar gaske marar harsashi cikin durowa, ana kallonsu ba su sani ba. Yawancin waɗanda suka gano ta sun ɗauka. A kusan rabin rukunonin da suka gano ta, wani ya ja kunama.

39/ Abin da ya fi tayar min da hankali: kusan duk waɗanda suka taɓa ɗin an taɓa yi musu gargaɗi kan bindiga. Don haka maganar "ai na ja masa kunne" ba ta isa ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, ita kuwa wannan wutar ba a taka ta sau biyu.

40/ Wani binciken a Alabama, 2006, ya tambayi iyaye daban, 'ya'yansu daban. Cikin iyayen da suka ce yaransu ba su san inda bindiga take ba, kusan 4 cikin 10 yaran sun ƙaryata su. Ni wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan.

41/ Ku faɗi gaskiya, waye a cikinmu bai san inda Baba ke ɓoye makullin durowa ba? Saman sif, ƙarƙashin darduma, cikin aljihun babbar riga. Mun san inda Mama ke ɓoye madara da naman Sallah. Ɓoyo ba kullewa ba ne. 😅

42/ A 2005 wata babbar mujallar likitocin Amurka ta buga binciken da ya gano abu huɗu da ke rage haɗarin ƙwarai: a kulle bindiga, a ajiye ta ba harsashi ciki, a kulle harsashin shi ma, a kuma raba musu wuri. Ba wata fasaha. Kusan abin da fada ke yi ne da bindiga da albarushi.

43/ Can har kotu ta fara kama iyaye. A 2024 a jihar Michigan aka ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15, saboda ɗansu mai shekara 15 ya ɗauki bindigar da ba su killace ba ya kashe ɗalibai 4 a makarantarsu a 2021.

44/ Kafin wani ya ce wannan maganar Turawa ce: Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, ya riƙe kawunansu kada ya ji wa wani ciwo. Sun ruwaito hanin nuna ɗan'uwa da makami. A Abu Dawud da Tirmizi akwai hanin miƙa takobi a zare.

45/ Duk ukun ba maganar mugu suke ba. Maganar mutumin kirki ce wanda hannunsa zai iya kuɓucewa. Kuma kisan kuskure a shari'a ba a share shi da "tsautsayi ne". Akwai diyya, akwai kaffara, aya ta 92 a Suratun Nisa'i. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce ka ɗaure raƙuminka tukuna.

46/ Yanzu ga gardamar da na san tana zuwa a ƙasa: "Malam, in ɓarayi suka dira ƙarfe biyun dare, bindigar da ke cikin akwati a kulle me za ta yi min?" Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Mutumin ƙauyen da ke bakin daji ya fi ni sanin wannan daren.

47/ Amma ku duba. Da dare kana gida, makami na kusa da kai, yara na barci. Matsalar rana ce. Ka tafi kasuwa, uwargida na wajen girki, yara sun dawo daga boko kafin Islamiyya, ga abokai sun biyo su. Waɗannan awannin su ne abin tsoro, kuma kullum sai sun zo. Ɓarawo wataƙila, yaro tabbas.

48/ Don haka ko ba komai: in gari ya waye, ko za ka fita ko da masallaci ne, a cire harsashi, a kulle. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana da kwaɗo mai kyau ya wadatar, ko ka sa mai walda ya haɗa maka. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin bindigar ba.

49/ Makulli a jikinka, ba a saman ƙofa ba. Harsashi a wani wurin daban, shi ma a kulle. Kuma ku sani, cire gidan harsashi ba ya nufin ta zama fanko, ɗaya na iya zama a ciki. "Na ɗauka babu komai a ciki" ita ce maganar da aka fi ji bayan an yi ɓarna.

50/ Ta ɗuri ta fi wuyar sha'ani, kuma ita ta fi yawa a hannun talaka. Saboda ɗurin na cin lokaci, mutane na barinta a ɗure wata da watanni, jingine a bayan ƙofa. Ba ta da abin tsare kunama na kirki. Faɗuwa kawai na iya tayar da ita. In ba za a sauke ɗurin ba, to wallahi kullewa ta zama dole.

51/ Albarushi kuma nesa da murhu, risho, maganin sauro na kunnawa da ashana. Kar a zuba shi a gwangwanin madara ko robar lemo da yaro zai ɗauka abin ci ne.

52/ Ba ƙananan yara kaɗai ba. Saurayi ɗan 16 da aka yi wa dukan taron dangi a unguwa, ko ya fara bin ƙauraye, ko ya faɗa shaye-shaye, ko baƙin ciki ya rufe shi ba a lura ba. Fushin minti biyar ne. In makami na kulle, fushin zai wuce ya bar shi da rai, ya bar wani da rai.

53/ Iyaye mata, ku ke wuni da yaran. Kuna da haƙƙin sanin inda take da kuma cewa a kulle. Wannan ba raina maigida ba ne. Yara kuma a koya musu: ka gan ta, kar ka taɓa, fita, kira babba. A koya, amma kar a dogara da shi, kun dai ga abin da ya faru a Atlanta.

54/ Wanda kuma ya gaji bindiga daga mahaifi ko kaka tana jibge a ɗaki, lasisi ba ya bin gado. Tsohon ɗuri na iya tashi bayan shekaru. In ba a bukatarta, a bi ta hannun mai unguwa a miƙa wa 'yan sanda, kar a bar wa yara kayan tarihi.

55/ Maƙwabcin namu fa? Na kwana biyu ina juya yadda zan tunkare shi, don dattijo ne kuma baƙo, ga abin da ya baro. Na same shi bayan Isha'i a ƙofar gida. Na ce, "Baba, wata magana ce, ka yi haƙuri in na yi rashin kunya." Na faɗa masa abin da yaron ya ce.

56/ Ya yi shiru har na fara da-na-sani. Can ya ce, "Ɗana, a ɗure take." Ya sake maimaitawa, "A ɗure take tun ranar da muka baro gida." Ya ce shi duk zatonsa ba wanda ya san tana ƙarƙashin katifa, ko uwar yaran bai gaya wa ba.

57/ Washegari muka je wajen mai walda da shi. Ya auna tsawonta da igiya tun daga gida don kar ya fito da ita titi. Akwatin na nan yanzu a kafe a bango, makullin yana cikin zariyar wandonsa. Ɗan yayata kuwa har yau fushi yake da ni, wai na sa an yi wa abokinsa faɗa.